Musayar Waƙa: Rana, Gawayi da Alkawarin Manyan Ƙasashe

Ɗan Rima:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan sauyin yanayi da makamashi, domin duk watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, wuta kuma ba ta zama. Ƙwar huɗu za mu yi, wato ɗango huɗu a kowane baiti, babban amsa-amo kuwa, wanda zai rufe kowane baiti, "wa" ne.

Bismillah na ɗauki alƙalami,
In kira manomi da malami,
Mu auna zancen nan da ilimi,
Hamada tana ta matsowa.

Rairayi ya cinye gonar Gada,
Gudu da Tangaza sun shaida,
Rijiyar da muka sani a da,
Yau guga ba ya tadda ruwa.

Ranar da ke gasa bayanmu,
Ita ce arzikin garinmu,
Mu jera sola bisa rufinmu,
Mu huta da fetur da ƙonawa.

Tun shekarun 1980 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take aiki a kan hasken rana, amma har yau janareto ne sarkin kasuwanninmu.

Baba na Goronyo:
Wa alaikumus salam, yaro.

Ɗana, ka iya jera magana,
Ka zauna a inuwa kana zana,
Solar da kake ta yaba mana,
Wa zai ba talaka kuɗin sayowa?

Tun ba a haife ka ba mun ga fari,
Shanu suka faɗi a bakin gari,
Muka roƙi Allah, muka yi haƙuri,
Bai bar mu ba, ya saukar da ruwa.

Farin 1973 da na 1984 nake nufi, kuma a lokacin babu wanda ya zo mana da sunan sauyin yanayi.

Ɗan Rima:
Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Amma Goronyo tana gabanka,
Wata shekarar ta cinye gonarka,
Wata shekarar ta koma ƙafewa.

Wanda duk ya ɗaure raƙuminsa,
Shi ne ya dogara ga Ubangijinsa,
Wanda ya sare gawon gonarsa,
Kada ya zargi iska da hurowa.

Baba ya fi ni sanin cewa ambaliyar 2010 ta tafi da ƙauyuka a kwarin Rima har ta karya gadar da ke kai mutane mazaunin jami'a na dindindin, sannan a 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100. Shekara takwas kacal ke tsakaninsu.

Inna 'Yar Wurno:
Na karanta ku duka, kuma na ga an fara nuna yatsa wajen masu sare itace ba tare da an tambayi mai murhu ba.

Ku maza kuna ta faɗan itace,
Wa ke hura wuta da maraice?
Tukunyar gas ta fi ƙarfin mace,
Hayaƙi na ta cin idanuwa.

Tun ran da aka cire tallafin mai,
Kalanzir sai mai hali kawai,
In za ku hana mu gawayi, to sai
Ku faɗi abin da za mu dafa tuwo da shi kowa ya ji kafin hanawa.

Mai Arulli:
Inna, Allah ya ƙara girma. Ma'anarki ta fita sarai, sai dai ɗangon ƙarshe na baiti na biyu ya ninka 'yan'uwansa tsawo, babu karin da zai ɗauke shi, kuma ɗango na uku ya rataya a kan "sai" bai tsaya da ƙafarsa ba. Kai ma Ɗan Rima, "Ubangijinsa" ya yi wa ɗangonka nauyi, ka rera shi da baki za ka ji inda numfashi ya yanke.

Na Kware:
Malam, ka zo da awo da tsinke,
Tukunyar Inna tana a girke,
Kai kana ƙirgar gaɓa a miƙe,
Ita tana neman abin hurawa.

Baitin Inna ya fi duk abin da aka rubuta a nan, kuma mu mutanen fadama muna bayanta.

Mai Arulli:
Na Kware, ban ce maganarta ba gaskiya ba ce. Birnin da ya gaji malaman jihadi, waɗanda suka auna kowane ɗango kafin su sake shi, bai kamata ya saki kari ba don zancen yana da zafi. Kai ma "girke" da "miƙe" ka haɗa, alhali "k" daban, "ƙ" daban.

Na Kware:
To, Malam, kawo naka baitin mu gani.

Na Kalambaina:
Na shigo a makare. Kun tsaya kuna faɗa da juna, kun bar masu babban laifi.

Turai ta ƙona kwal ta yi arziki,
Amurka da Sin suna ta aiki,
Mu da babu fitila a ɗaki,
Mu ne aka ce mu yi ragewa.

Sun taru a Faris sun sa hannu,
Kuɗin da suka ce yana tafe sannu,
Kafin ya iso mun rasa shanu,
Taro ya watse ana tafawa.

A taron sauyin yanayi na duniya na 2009, tun kafin na Faris, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, wa'adin ya cika ba su cika ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma a 2021 Nijeriya ta je taron sauyin yanayi na Gilasgo ta ɗauki alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba. Ƙasar da ke da gas a ƙarƙashinta, tana ƙona shi a banza a Neja Delta, ta fara kai shi murhun Inna tukuna.

Ɗan Rima:
Yayana, hujjarka tana da nauyi,
Amma jiran Faris ba shi ne abin yi,
Kai da ke maƙwabtaka da tanderun siminti ka yi
Shiru a kan hayaƙin da kake shaƙawa.

Na yarda gas ya fi gawayi ga huhu da daji. Ban yarda mu naɗe hannu har sai Turawa sun biya ba.

Mai Arulli:
Ɗango na uku da na huɗu duk sun zarce, Ɗan Rima. Fushi ya ja ka.

Baba na Goronyo:
Kwana biyu ina wajen albasa, yanzu na ga abin da ya taru.

Na Kalambaina, ka bar Bature,
Dubi dashen da aka yi a jere,
An ɗau hoto, manya sun tsere,
Awaki suka zo suna cinyewa.

Maraɗi ba su jira kwangila ba,
Kututture suka bari bai mutu ba,
Suka gyara toho, ba su sare ba,
Yau gawo ne ke yi musu inuwa.

Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Itacen da babu mai ba shi ruwa a rani ba ya kai damina. 'Yan'uwanmu na Nijar da sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a raine shi, suka farfaɗo da miliyoyin kadada, saboda manomi ya san itacen da ya raina nasa ne. Kai kuma ɗana, na ga famfon sola yana ban ruwa a fadama babu ko ɗigon fetur, na kuma yaba. A ba mu shi bashi mu biya bayan an cire albasa, ni ne na farko a layi.

Inna 'Yar Wurno:
Malam Mai Arulli, na karɓi gyara, ga ɗangon na rage shi. Sauran kuma ku sani famfon Baba fadama zai shayar, ba zai dafa tuwo ba.

Tun ran da aka cire tallafin mai,
Kalanzir sai mai hali kawai,
A sa murhun zamani a kasuwa dai,
Da kuɗin da mace ke iya bayarwa.

Wanda ya san inda ake sayar da murhu mai rage cin itace a nan cikin gari, da farashinsa, ya amsa mini, ko da ba a waƙe ba.