Me za mu kira NADH da Hausa?

Malamin Bayoloji:
Jama'a, a taimaka min da kalma. Jiya ina duba takardun 'yan ajina, kusan kowa ya rubuta wai ana samun ATP, wato makamashin da ƙwayar halitta ke amfani da shi kai tsaye, lokacin da fairubet ke komawa asitil-CoA. Ko ɗaya ba a samu. Gulukos guda, wato sukarin da jiki ke samun ƙarfi daga gare shi, ya rabu biyu, fairubet biyu ke nan, kowanne da kabon 3. Da sun shiga maitokondiriya, wato injin samar da makamashi na cikin ƙwayar halitta, sai a ɓalle wa kowanne kabon ɗaya ya fita a iskar CO2, sauran biyun su manne da wani sinadari mai suna CoA, su zama asitil-CoA. Abin da aka tsira da shi NADH biyu ne kacal. Ina ga laifina ne, don na ce musu ATP da NADH duk "maɗauka makamashi" ne, sai suka zuba su a kwando ɗaya.

Ɗalibar aikin jinya:
Malam, "ma'ajin ƙarfi" fa?

Malamin Bayoloji:
Ma'aji zaune yake, 'yar uwa. Shi kuwa NADH bai san zama ba.

Tsohon ɗan Dawanau:
Ni ban yi zurfi a boko ba, amma wannan da kuke siffantawa ai ɗan dako ne. Ya zo hannu wofi, a ɗora masa buhu, ya kai bakin mota ya sauke, ya dawo neman wani. Kayan ba nasa ba ne.

Malamin Bayoloji:
Wallahi Baba ka gama magana! NAD+ shi ne ɗan dako kafin lodi. An aza masa ilektaron biyu da haidurojin, ya zama NADH. Ya kai bangon ciki na maitokondiriya ya sauke, can ne kayan ke zama kuɗi, wajen ATP 2.5 kan kowane kai. Tsofaffin littattafai 3 suke cewa. Ke nan 'yan dakon nan biyu ATP 5 za su haifar, amma sai an kai tasha. Shi ATP sai mu ce masa kuɗin cefane, tunda nan take ake kashe shi.

Ɗalibar aikin jinya:
To FADH2 fa, Malam?

Malamin Bayoloji:
Ƙanin NADH ne, shi ma ɗan dako, ladan sauke nasa wajen 1.5. Amma a wannan zangon bai fito aiki ba tukuna, sai an shiga zango na gaba, zagayen Krebs. Gobe zan ari baron mai gadi in shiga aji da shi.