Harbin nesa: in sa a haɗa min .375 CheyTac ko in tsaya a .300 PRC?

Bakatsine_Houston:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa wannan harka da hannunsu. Shekara biyu ke nan ina harbin farantin ƙarfe da bindiga mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. A yadi 1,000, in iska ta yi hankali, cikin goma ina samun bakwai ko takwas. Amma da na wuce 1,300 sai harsashin ya gaji, gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, ya fara watsewa. Burina mil ɗaya, wato yadi 1,760, daga nan in ga abin da Allah zai yi. Na tara dala 9,000. Ko dai in ba maƙerin bindiga ya haɗa min .375 CheyTac, babbar bindigar harbin nesa sosai, in jira wata goma kamar yadda ya ce, kuɗin ya ƙare kaf. Ko in sayi .300 PRC ta kamfani, wadda ba ta kai ta girma ba, sauran in zuba a madubin saiti mai kyau da harsashi. Filin da ke da mil ɗaya tafiyar awa huɗu ce daga gidana, sau ɗaya a wata zan iya zuwa. Ban taɓa ɗura harsashi da kaina ba, wato in zuba albarushi a kwanso in haɗa, na kanti nake saya. Katin zama na dindindin gare ni, takardu ba matsala.

DanDamagaram_Ohio:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka yi gaggawa. Ka fara da 6.5 Creedmoor, ba ta da tsada, ba ta dukan kafaɗa, kuma za ta kai ka yadi 1,000 lafiya lau. In ka ƙware sai ka yi tunanin manya.

Bakatsine_Houston:
Yaya, ai ita ce a hannuna shekara biyu. Da ita na buɗe maganar.

DanDamagaram_Ohio:
To madalla, ashe kana kan hanya.

Lauje_Maryland:
Kafin komai ka duba matsayinka. Wanda ya shigo Amurka da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu sharuɗɗa, kamar lasisin farauta. Kada sha'awa ta jawo maka kora.

MaiShayi_Bronx:
Ni abin da ban gane ba, farantin nan gudu yake yi? Me zai hana ka taka ka matsa kusa da shi? Dala 9,000 don ka ji "ƙwal" daga nesa. Zo in buga maka cokali a kofi kyauta.

Kawu_Arizona:
Ɗana, zauna ka ji. Ni na bi hanyar da kake son bi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A 2019 na kamu da ciwon. Na karanta yadda Derek Rodgers ya ci gasar harbin mil biyu ta King of 2 Miles a 2017 da .375 CheyTac, na ce ai shi ke nan, sirrin a bindigar yake. Na je wajen wani maƙeri da aka yi min yabonsa, ba zan kama suna ba. Na ba shi kafin alƙalami dala 3,500. Ya ce wata takwas. Wata takwas ya zama sha biyu, sha biyu ya zama sha bakwai. Yau bututu bai iso ba, gobe mai fenti ba shi da lafiya. In na kira sau biyar ya ɗauka sau ɗaya. Ranar da na karɓo ta kamar na ɗauko amarya, nauyinta ya haura fam 30, sai da na sayi akwati na musamman, shi ma wani kuɗin.

Sai ga 2020. Wanda yake ƙasar nan ya san abin da ya faru: firaima ta ɓace a kasuwa, ɗan maɓallin nan na gindin kwanso da ke tayar da wuta. Albarushin da manyan harsasai ke so shi ma babu. Ga bindiga a ɗaki, ba abin da zan ba ta. Da abubuwa suka ɗan lafa na fara gwaji, sai na ga kwanso yana maƙalewa bayan harbi, sai na daki hannun buɗe bindigar da tafin hannu yake buɗewa. Na mayar wa mutumin, ya ce ni na cika albarushi. Na kai wa wani maƙerin, ya auna ya ce ramin kwanson da aka yanka a bututun ne bai yi daidai ba. Sabon bututu, sabon jira.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Na je gasa ta farko ni kaɗai. A yadi 2,000 da wani abu, ka harba, bindiga ta girgiza ka, ƙura ta tashi a gabanka, kafin ka dawo kan madubi harsashin ya sauka cikin ciyawa ba ka ga inda ya faɗa ba. In ba ka ga inda ka kuskure ba, me za ka gyara? Sauran kowa da mai duba masa a baya da babban madubi, yana ce masa ƙara kaza, koma hagu kaza. Ni kuwa harbi nake cikin duhu da rana tsaka. Ban taɓa ko faranti ɗaya na nesa ba. Na tuƙa mota awa tara na dawo ban kunna rediyo ba. Bayan wata shida na sayar da ita, na yi asarar kusan rabi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bakatsine_Houston:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Kawu. To da .300 PRC ka saya, kana ganin da abin ya zo da sauƙi?

Kawu_Arizona:
Wallahi abin da ya fi ci min rai, ko haƙuri mutumin nan bai ba ni ba. Har yau lambarsa na cikin wayata.

Injiniya_Tulsa:
Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ka yi sa'ar mugun maƙeri ne kawai. Tawa wata bakwai aka yi. Kuma 9,000 ba za ta isa CheyTac ba, a faɗa wa yaron nan gaskiya. Bindiga kaɗai 7,000 zuwa sama. Madubi irin Nightforce ATACR ya haura 3,000. Ga Kestrel na auna iska, ga na'urar auna gudun harsashi, ga ƙafafu da jakar yashi. Harsashin kanti kuma dala 12 nake gani ɗaya.

DanDamagaram_Ohio:
Dala 12 ina? Ni 7 na gani.

Injiniya_Tulsa:
Ka gani, ko ka saya? A intanet komai araha ne har sai ka danna ka ga an rubuta ya ƙare.

Kawu_Arizona:
Ni da nake ɗurawa da kaina bai fi dala 4 ba.

Injiniya_Tulsa:
Domin ba ka lissafa kwanso da bututu ba, Kawu. Kowane harbi yana cin bututun. Nawa na farko bai kai harbi 1,200 ba ya fara watsa harsashi. Raba kuɗin sabo da aikin maƙeri a kan haka ka gani. Kuma kayan ɗurin kansu, sikeli mai auna ƙwayar albarushi da sauransu, ba su zo a kyauta ba. A wannan nisan ɗurin hannu dole ne. Ɗan bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi, wanda ba ka gani a yadi 100, a yadi 2,000 shi zai sa ɗaya ya bi ta saman faranti ɗaya ya faɗi ƙasa.

Tsohon_Saje:
Ina ta karantawa ina dariya. Shekara 22 na yi da bindiga a kafaɗa. Duk wannan na'ura da lissafi na masu kuɗi ne. Numfashi, jan kunamar bindiga, haƙuri. Wanda bai iya waɗannan ba ko me ya saya banza ne.

Injiniya_Tulsa:
Ranka ya daɗe, girmanka ne, kuma maganar numfashi gaskiya ce. Amma nisa nawa kuka yi harbi a aiki? Mita 300? 600? A nan ana maganar harsashin da zai yi daƙiƙoƙi a sama, a mil biyu ya haura shida. Juyawar harsashin kanta tana jan shi gefe, juyawar duniya tana shiga lissafi. Iskar da ke wajenka daban, ta tsakiyar kwari daban, ta bakin faranti daban. Ba raini ba ne, sana'ar ce daban.

Tsohon_Saje:
Yaro, lokacin da nake kwana a rami kai kana koyon ɗaura wando. Juyawar duniya! To ku jira ta tsaya.

Lauje_Maryland:
Saje, abin da ya faɗa haka yake, Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi, ya yi rubutu mai yawa a kai. Amma shi ma Injiniya bai gaya mana gasa nawa ya ci ba.

Injiniya_Tulsa:
Ban ce na ci ba. Na ce na je.

MaiShayi_Bronx:
Ku tsaya. Ɗazu wani ya turo min hoto an rubuta a ƙara mil 20 a madubi. Mil ashirin? Daga Kano ai ka wuce Kura.

Injiniya_Tulsa:
Wancan mil na kusurwa ne, Mai Shayi. Mil ɗaya a madubi santimita 10 ne a mita 100, mita ɗaya a mita 1,000. Kuma nan ma akwai kuɗi: a nisan gaske madubi yana ƙarewa, ka murɗa har ƙarshe bai isa ba, sai ka sa gindi mai gangara ko gilashin ƙari a gaba.

Uwargidan_Dallas:
Ku yi haƙuri in sa baki. Maigidana yana wannan abin, ni ce mai duba masa, tun da na gaji da zaman gida ranar Asabar. Ƙanina, tambayarka ba ta bindiga ba ce. Sau ɗaya a wata za ka je fili, kai kaɗai, da harsashin kanti. Wa zai duba maka? Mu abin da ya koya mana iska ƙaramar .22 ce a yadi 300, a filin kusa da gida. Harsashinta yana faɗuwa yana kaucewa kamar na babba a nesa, kuɗinsa kuma ba ya sa a yi faɗa a gida. .300 PRC ta kai mil ɗaya, na gani da idona, mun ji ƙarar farantin ta dawo bayan daƙiƙoƙi. Sannan ka sani Houston a bakin teku take, Raton kuma, inda aka yi gasar King of 2 Miles ɗin da Kawu ya ambata, tudunta ya haura ƙafa 6,000, iskar can ba ta da kauri, lissafinka na gida ba zai yi aiki a can ba. Tambaya ta ƙarshe: matarka ta san da 9,000 ɗin nan?

Bakatsine_Houston:
Hajiya, ta san da wani ɓangare.

MaiShayi_Bronx:
Innalillahi. To ga harbin nesa nan tafe, ba madubi ba Kestrel, kuma ba ya kuskure.

Bazazzagi_London:
Ku gode wa Allah da kuke da wannan matsalar. Mu a Ingila sai ka shiga kulob, ka yi watannin gwaji, 'yan sanda su zo gida su duba akwatin ajiya kafin takarda ta fito. Filin harbi na Bisley kuma yadi 1,200 ne iyaka a sashensa na Stickledown. In na ji labarin mutanen Wyoming da suka samu faranti a mil 4.4 a 2022 da .416 Barrett sai in ji kamar tatsuniya.

Injiniya_Tulsa:
A harbi na 69 suka samu, kada a manta. Ƙoƙari ne babba, amma a gasa ba mai ba ka 69.

Kawu_Arizona:
Ni ko 69 aka ba ni ranar nan, ba mai duba min.

DanDamagaram_Ohio:
Ni abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne. Sau ɗaya na sa hotona a Facebook ina kwance bayan bindiga. Kafin magariba innata ta kira tana kuka, wai an ce mata na shiga wata ƙungiya. Ƙanin babana ya yi min wa'azin minti arba'in. Na goge hoton, har yau ban sake ba.

Bazazzagi_London:
Haka nake fama. Me ma za ka kira kanka da Hausa? Maharbi, su ce ina naman. Ɗan bindiga kuwa, Allah ya kiyaye, kalmar ta riga ta lalace.

Tsohon_Saje:
To laifinsu ne? Mutumin da aka kora daga gonarsa a Zamfara ko Katsina, ka nuna masa bindigar dala dubu bakwai ka ce wasa kake yi. Ni ban ce haramun ba ne. Amma ku riƙa ɓoye hotunanku.

Lauje_Maryland:
Saje, masu harbin Olamfik fa? Wasa ne mai doka, faranti ake harbi. Mu da muka bi layi aka binciki tarihinmu kafin a sayar mana, mu ne za mu ɓuya?

Uwargidan_Dallas:
Mu ba tsoro ne ya same mu ba, lissafi ne. Wani ɗan uwan maigidan ya tambayi kuɗin harsashi ɗaya, ya buga da canjin naira, washegari saƙo huɗu suka shigo: kuɗin makaranta, jari, gyaran babur, da wanda ya ce a ba shi kuɗin harbi goma kawai, ba ya son da yawa.

MaiShayi_Bronx:
Wannan na ƙarshen mutumin kirki ne. A ba shi.

DanDamagaram_Ohio:
Ai ko ba bindiga haka suke. Na sa hoton sabuwar tayar mota aka ce na yi kuɗi. Wa zai gaya musu nawa hayar gida take a nan?

Bazazzagi_London:
Kada ma ka fara maganar haya. Ɗaki ɗaya nake ciki, rabin albashi.

Bakatsine_Houston:
Jama'a na gode, amma maƙerin ya ce in ban ba da kafin alƙalami zuwa Juma'a ba zai ba wani gurbina. Akwai wanda ya harba .300 PRC da harsashin kanti a mil ɗaya ya faɗa min cikin goma nawa yake samu? Hajiya, ko za ki tambayar min Alhaji?

Kawu_Arizona:
Zuwa Juma'a? Haka nawa ma ya ce min. A wace jiha yake? Turo min a asirce. Kuma in kana son akwatin nan, yana gareji har yanzu, dala 300.

Injiniya_Tulsa:
300 ya yi yawa, Kawu. Tsohon akwati ne.