Taƙaitawar shawarwari kan wuraren gudun motsa jiki a Yamai

1. Da aka tattauna kan inda ya fi dacewa a yi gudu a Yamai, mafi yawan masu magana sun fifita hanyoyin bakin kogin Isa (kogin Neja), wato na unguwannin Yantala da Gamkalle, saboda sanyin iska da lambunan da ke gefen ruwa. Sun ce a fita bayan sallar asuba, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40.

2. An rabu kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Wasu suna ƙetare ta zuwa Harobanda domin kallon masunta cikin jiragensu, wasu kuwa sun ce cinkoson motoci da babura da hayaƙinsu sun ɓata daɗin, kuma a ganina hujjar na biyun ta fi ƙarfi da zarar hantsi ya yi.

3. Ga sabon shiga, an ba da shawarar zagaya filin wasa na Seyni Kountché, inda ba a rasa abokan gudu da yamma.

4. An yabi titunan unguwar Plateau saboda inuwar dogon yaro.

5. A lokacin hunturu, wasu sun ce a rufe hanci da ƙyalle, wasu kuma sun ce a haƙura har ƙura ta lafa.