Fita da iyali a Kano: Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Zoo?

Maman Biyar: Assalamu alaikum. Hutun makaranta ya zo, muna son fita da yara shida da kakarsu, su ga wurin tarihi, a kuma samu inuwar shimfiɗa tabarma. Wuni ɗaya zai ishe mu Gidan Makama da Dala da Gidan Ɗan Hausa da Zoo? Ta ina za mu fara?

Ɗan Mandawari: Wa alaikumus salam Hajiya. Huɗu sun yi yawa, ku ɗauki biyu. Ku fara da Gidan Makama da misalin ƙarfe 9 na safe, yana daura da Ƙofar Kudu ta Gidan Sarki. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau sarauta a 1463, kuma Turawa sun yi ofis a ciki bayan sun ci Kano a 1903. Ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, in ba haka ba yara za su wuce ɗakunan cikin minti goma ba su fahimci komai ba. A tsaya da su gaban ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari, su ga kaurin itacen da ƙarafan da aka ɗaure shi da su, sai sulke da lifidi. Ginin ƙasa ne, a hana su kankare bango ko jingina da zanen. Kada ku sa ranar Juma'a, tun kafin azahar hanyoyin masallaci suke cushewa.

Dala kuwa ku bar ta sai wata rana. Matattakalar tana da tsayi, babu inuwa a sama, Kaka ba za ta iya ba.

Inna Mai Kula: Ni batun guzuri zan yi. Ga mutum takwas ko tara, leda biyu ta fiya wata, wato guda 40, a daskarar da rabi tun dare, su zama ƙanƙarar kular. Shinkafa da wake da mai da yaji ko dambu sun fi jure zafi. Kabeji mai bama da fura da nono su ne masu lalacewa kafin la'asar, su ɓata cikin yara. A riƙe buta da tsabar kuɗi ƙanana, don tura kuɗi ta waya yakan maƙale a bakin ƙofa.

Malamin Tarihi: Hajiya, na biyun ya danganta da shekarun yaran. In sun haura goma, Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Su ɗaga kai su kalli ɗaurin guga, wato bakan ginin da ke riƙe rufin ɗaki, da azara, su ji sanyin ɗakin babu fanka. Akwai bishiyoyi a farfajiyar, amma wurin yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha, don haka ranar aiki ta fi tabbas, kuma a nemi izini kafin cin abinci ko ɗaukar hoto. In ƙanana ne, Gidan Zoo na Audu Bako ya fi fili da inuwa. Ku guje shi kwanakin Sallah saboda cunkoso, a kuma sa wa kowane yaro takarda mai lambar waya a aljihu.

Maman Biyar: Babbar shekararta tara. To Makama da safe, Zoo bayan azahar, ranar Talata in Allah Ya kai mu. Allah Ya saka da alheri.