Ƙawata ta daina magana, ni ma na gaji, don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ina da ƙawa tun muna sakandare, shekara ɗaya da rabi ke nan tana jinyar mahaifiyarta da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke juya ta ita ke wanke ta, ga koyarwa a makarantar kuɗi ga yara 3, yayyenta maza sai dai su turo kuɗi ƙarshen wata. Da ita ce mai sa mu dariya a biki amma yanzu in na kira ba ta ɗauka, in ta ɗauka kuma "lafiya lau, alhamdulillah" shi ke nan. Ranar Asabar na je ban sanar da ita ba, na same ta zaune a kicin ta ƙura wa bango ido shinkafa na ƙonewa a gabanta ba ta ma ji ƙauri ba, ta rame har zoben hannunta na yawo. Da na matsa mata sai ta ce "ni dai na gaji, da zan kwanta in ƙi tashi da na huta". Na rasa abin cewa na ce ki yi haƙuri ki yawaita addu'a, tun daga nan ta rufe baki. Wallahi kwana 3 ke nan ban yi barcin kirki ba, ga ni ma da nawa nauyin. Ya zan yi?

Hajiya Babba: 'Yata kin kyauta da kika je. Amma daina tambayarta me take buƙata, wanda ya gaji irin wannan gajiyar ba shi da ƙarfin amsa. Ki ɗauki rana ɗaya a sati ki ce ranar nan ni zan zauna da Mama, ke shiga ɗaki ki kwanta. Sannan a samu babba a danginsu, kawu ko gwaggo, ya tara yayyen nan. Uwarsu ce su duka, kuɗi ba ya juya mara lafiya da daddare.

Wata nas: 'Yar'uwa maganar da ta faɗa miki kar ki ɗauke ta da wasa. Ki koma yau ko gobe, ki tambaye ta kai tsaye a hankali: kina tunanin cutar da kanki? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce eh, kar a bar ta ita kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da tarin magungunan Mama daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti a ranar. Mu abin da muke dubawa shi ne baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai sati 2 kusan kullum, da canjin barci da cin abinci. Ciwon damuwa ne kuma yana da magani. In a Kano kuke akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da kuma Dawanau, Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai. A duba jininta ma, ƙarancin jini na kawo irin wannan kasalar.

Baban Yara: Ni dai ina ganin a fara da ruƙiyya, wannan zaman shirun yana kama da shafar aljanu.

Malama: Ɗan'uwa ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa duka, amma kar a tsaya jira. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ummu Biyu: Na shiga irin wannan bayan haihuwata ta biyu. Duk wanda ya ce min "ki yi haƙuri" sai in ji kamar ya ce yi shiru. Wadda ta taimake ni maƙwabciyata ce, takan shigo da ƙullin wake ta zauna tana tsincewa a gefena ba ta tambayar komai, sai a mako na uku na fashe da kuka na gaya mata komai, ita ta raka ni wajen likita. Kuma ke ma ki kula da kanki, ki jawo wata ƙawar ku raba kwanakin, kar ki ɗauka ke kaɗai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira kawunsu ya ce zai zo ranar Juma'a bayan masallaci. Yanzu zan ɗora miya in kai mata, yau can zan kwana, kuma zan yi mata tambayar da nas ta ce.