Wai da gaske harafi ɗaya ne ke jawo sikila?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Autana SS ne, ni da babansa duk AS. Likita ta ce min wai harafi ɗaya ne ya sauya a DNA ɗinsa. Mutane na jira a layi, ban samu na ƙara tambayarta ba. Harafi kuma a jikin mutum? Ta yaya harafi zai hana yaro barci saboda ciwon ƙashi? Don Allah a warware min da Hausa.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya likitar ta faɗa. DNA jerin sinadarai huɗu ne da ake wa laƙabi da A, T, G, C. A cibiyar ƙwayar halitta yake zaune, ba ya fita. In ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi bayaninsa a kan zaren mRNA, shi ne ke fitowa ya tarar da ribosom, injin da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar. Uku-uku ribosom ke karanta haruffan, kowane uku na kiran amino asid guda cikin iri 20, su ne tubalan da ake gina furotin da su. Wani ɗan dako mai suna tRNA ke ɗauko su, ana zura su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi.

To himoglobin, furotin mai ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana da sarƙar beta mai amino asid 146, bayaninta na kan kromosom (wato ƙunshin DNA) na 11. A gurbi na 6, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka samu GTG. GAG glutamik asid yake kira, mai shiri da ruwa. GTG kuwa balin yake kawowa, wanda ba ya ga maciji da ruwa. Da oksijin ya yi ƙasa sai himoglobin ɗin su manne da juna su zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta ɗauki siffar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin ke nan. Masanin kimiyya Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya ta amino asid a Ingila a 1957.

Ke kuwa kwafi biyu na wannan bayani gare ki, ɗaya lafiyayye, shi ke rufa miki asiri. Yaron ya ɗauko mai GTG daga gare ku duka.

Ɗan Aji Uku:
Malam, ai an koya mana jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiya. Ina suka samo DNA ɗin?

Malamin Bayoloji:
Madalla da wannan tambaya. Tun suna ƙanana a cikin ɓargo ake yin kwafin, kafin su yar da cibiyar su shiga jini. Shi ya sa ƙarin jini sauƙi kawai yake kawowa na ɗan lokaci, don ɓargon na nan yana karanta GTG. Dashen ɓargo na iya warkarwa, shi ma sai an dace da wanda nasa ya yi daidai, galibi ɗan uwa ciki ɗaya.