Za mu Kribi a Disamba, ina ya fi aminci a shiga teku?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Muna shirin zuwa Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, da iyali, manya 4 da yara 3. Iyakar iyonmu a kogin Binuwai ne, teku kuwa ba mu san halinsa ba. Wane wuri ya dace, kuma me za mu kiyaye?

Sarkin Ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Disamba ya yi, ruwan sama mai ƙarfi na Satumba da Oktoba ya wuce. Amma gwanintar kogi ba ta isa ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ruwan da ke komawa ciki. Igiyar ruwa tana tara ruwa a gaɓa, shi kuma sai ya nemi kwari tsakanin tudun yashi ya koma da ƙarfi. Gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa, ba mai iyon da zai ja da shi. Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, ku tsaya kan tudu kamar minti 10 kuna kallo. Inda kuka ga igiya na fashewa hagu da dama, tsakiya kuma ya yi duhu ya kwanta luf, kumfa da ganye suna tafiya ciki, to nan ne. Baƙo kan zaɓe shi don ya ga babu igiya.

In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ba ƙasa yake ja ba, ciki yake kai ka. Kwanta rigingine, ɗaga hannu ɗaya, ka yi kira. Da ƙarfinka, yi iyo ta gefe, ka bi tsawon gaɓa; yawanci faɗinsa bai wuce mita 30 ba.

Maman Yara: Ƙari a kan na Sarkin Ruwa: kaya. Doguwar riga, zane da babban hijabi in sun sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Mata su nemi wando da riga mai dogon hannu marasa shan ruwa, da ƙaramin hijabi mai kama kai. Yaro kada ya wuce inda hannunka zai kai, ruwa iya gwiwa. Mutum ɗaya ya zauna a tudu, aikinsa kallo kawai, ba waya, domin mai nutsewa ba ya samun ihu. Robar da ake hura wa iska ku bar ta a masauki, iska kan tura ta ciki da yaron a kai.

Malam Na Gaɓa: Batun wuri, ku nisanci bakin kogin Kienké inda kwale-kwale ke shige da fice, da gindin magangarar Lobé, kamar kilomita 7 kudu da gari. Can na kallo ne, akwai duwatsu masu santsi, ruwan kogi kuma yana turawa ciki. Ku tambayi masunta da safe, kada ku ɗauka akwai mai ceto a bakin aiki.

Teku na cika sau 2 a rana, lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, kuma jan nan ya fi tsanani in ruwa ya janye. Wani ya shiga matsala, kada a bi shi hannu rabbana. A jefa masa jarka mai lita 20, babu komai ciki, murfinta a ɗaure, a kira masu kwale-kwale.

Ɗan Garwa: Allah ya saka da alheri. Jarkar a ɗaura mata igiya ne?

Malam Na Gaɓa: E, doguwa, mai riƙe ta kuma ya tsaya a kan yashi.